Mai Toka da Mai Man Kaɗe

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye da ke gindin dutse. Yana da gonar dawa a tudu, yana da ta shinkafa a fadama, yana kuma da mata wadda duk ƙauyen suka san ta da dafa sabulun salo. Shekara arba'in da 'yan kai suna tare, sau ɗaya tak ya taɓa wanka da sabulun kanti, ranar da ya kwana a birni. Jikinsa ya yi ta ƙaiƙayi har kwana uku, yana susa kamar mai ƙazwa. Tun daga ranar ya ce shi da sabulun kanti sai dai kallo. Matar takan yi masa dariya ta ce, "Mutumin da ƙaya ba ta huda tafin ƙafarsa, ashe fatar jariri gare shi."

Sabulun nan abu biyu ne ginshiƙinsa, toka da mai. Bayan girbi ana tara karan dawa da ɓawon ɗorawa a ƙone su ƙurmus, a kwashe tokar a zuba a tukunya mai huda a gindi, a shimfiɗa mata ciyawa, a riƙa zuba ruwa a kai yana ɗiga a wata tukunyar. Ruwan da ya ɗiga shi ne ruwan toka, ja ne kamar shayi, mai kaifi, in ya daɗe a hannu sai ya ci fata. Mai kuwa daga kaɗanya yake fitowa. Da farkon damina mata sukan tsinto 'ya'yanta, a dafa, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, sa'an nan a zauna a yi ta bugawa da hannu cikin ruwa har farin mai ya taso sama. Shi ne man kaɗe.

Allah ya ba mutumin nan 'ya'ya mata biyu. Babbar sunan mahaifiyarsa ta ci, saboda haka ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce Uwata. Ƙaramar kuwa kowa Auta yake ce mata, har bayan ta yi aure ta haihu. Tun suna ƙanana uwar ta raba musu aiki. Ta ba babbar aikin toka, gama tana da ƙarfi, hayaƙi kuma ba ya korar ta. Ta ba Auta aikin mai, gama tana da sanyin hannu, tana iya wuni a gaban ƙwarya tana bugu tana 'yar waƙarta. Amma ranar da za a haɗa su a wuta, sai uwar ta kore su duka biyu daga gindin murhu, domin tukunyar sabulu tana fallatsi, inda ta taɓa kuma sai tabo. Takan ce, "Ku matsa can, ba na son a ce ni na ɓata fuskar 'ya'yana. Baɗi in Allah ya kai mu zan nuna muku." Baɗi ta yi ta zuwa tana wucewa, har kowace ta tafi gidan miji, babbar a ƙauyen gabas, Auta a na yamma. Kowace ta san rabinta sarai, ba wadda ta taɓa ganin yadda ake haɗawa.

Ni dai ban sani ba, ko aikin ne ya shige musu hali, ko uwar ce ta dubi halinsu ta raba aikin. Babbar mace ce mai gaskiya, ba ta ƙarya, ba ta kuma son mai yi. In miyarki ba ta ji gishiri ba, za ta faɗa miki tun cokali yana bakinta, a gaban surukarki. Auta kuwa ba a taɓa jin a'a a bakinta ba. Ko ka taka ta, ita za ta ce maka sannu. Mutane suna girmama babbar suna kauce mata, suna son Auta amma ba su san abin da ke cikinta ba. Uban yana ƙaunarsu duka biyu, ƙauna irin wadda ba ya iya ɓoyewa.

Ana nan sai uwar ta kwanta ciwo. Babbar ta baro gidanta ta zo ta yi jinya, ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa, ita ce wanki. Da ta ga jikin ya yi nauyi ta aika wa Auta ta zo. Saƙon ya sami Auta tana tsakiyar aikin kaɗanya. Ta tuna yadda uwarta take son a shafa mata sabon mai a ƙafa, ta ce a ranta, bari in ƙarasa in tafi mata da shi, ba zan je hannu wofi ba. Aikin ya ci kwana huɗu. Sa'ad da ta iso da ƙwaryar mai a kai, uwar ta riga ta daina magana, kashegari kuwa ta huta.

Bayan an dawo daga jana'iza, tsakar gida cike da matan zumunta, babbar ta dubi ƙwaryar nan ta dubi ƙanwarta, ta ce, "Mai kika kawo? To, sai ki je ki shafa wa kabari. Kwana uku tana kiran sunanki."

Auta ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Yaya."

Tun daga ranar ba ta sāke taka gidan yayarta ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Takan aika da gaisuwa, lokacin Kirsimeti ta aika da kaza, in an tambaye ta ta yi murmushi ta ce, "Ni da Yaya? Lafiya lau muke." Amma in ta ji babbar za ta zo duba Baba ranar Talata, ita sai ta zo Jumma'a. Babbar kuwa ta ce ita ba ta faɗi ƙarya ba, don haka ba ta ga abin ba da haƙuri ba. Haka aka yi shekara ɗaya da rabi, uban yana gani, abin yana cin ransa, bai ce komai ba.

Matarsa ta bar masa curin sabulu bakwai a cikin tulu. Ya yi ta lallaɓa su, yana yanka da wuƙa kaɗan-kaɗan. Amma abin da ake ɗiba ba a ƙarawa, ƙarshensa ƙarewa. Damina ta biyu ta same shi da ɗan guntu kamar ƙwayar goro, ga kuwa aikin fadama, inda mutum yake wuni cikin taɓo har gwiwa. Da guntun ya ƙare ya gwada na kanti, jikinsa ya tashi. Ya kai har ya daina zuwa sujada, gama ba ya iya zama a benci ba susa, yana kuma jin kunyar jama'a. Kowace 'ya ta zo a ranarta ta ga halin da yake ciki, kowace kuma ta koma gida da niyyar ita za ta yi wa Baba sabulun Mama, ba tare da ta nemi 'yar'uwarta ba.

Babbar ce ta fara. Ta ce a ranta, "Sirrin sabulun Mama toka ne, ita ke cin dauɗa. Mai ai na shafawa ne." Ta tace ruwan toka mafi kaifi da ta taɓa tacewa, ta dafa shi har ya yi kauri, ta ɗiga masa ɗan mai kamar mai rowa, ta tuƙa. Abin ya fito baƙi ƙirin, da tauri, da wari mai shiga hanci. Ta ƙunsa a ganye ta kai masa. Tsoho ya shiga wanka da murna, ya goga a hannu, sai ya ji kamar an watsa masa barkono. Kafin ya ɗauraye, fatar ta yi ja, bayan kwana biyu ta fara saɓulewa. Da ta komo ranar Talata ta ce, "Baba, ya wanke?" Ya ja hannun rigarsa ƙasa ya ce, "Ya wanke kam, Uwata. Allah ya yi miki albarka."

Sai ga Auta ranar Jumma'a da nata a cikin ƙaramar ƙwarya mai murfi. Ita ta ce a ranta, "Jikin Baba taushi yake so. Me zai kai ni zuba masa toka, abin da ake sharewa a zubar a juji?" Ta zaɓi man kaɗe mafi fari, ta sa zuma, ta sa kurkur, ta daka busasshen ganyen darbejiya ta tankaɗe ta zuba, har da ɗan kajiji don ƙamshi. Toka kuwa ɗan barbaɗe ta ɗebo daga murhu, don dai launin ya yi kama da na Mama. Abin ya yi laushi, ƙamshinsa har ƙofar gida. Tsoho ya shiga wanka ya goga, ya goga, ya kawo soso ya ƙara gogawa, ko kumfa ɗaya bai gani ba. Taɓon fadama ya kwaɓu da mai ya manne masa, ruwa yana bi ta kai yana zamewa. Ya fito yana ƙyalli, ƙudaje suna yi masa rakiya, da ya kishingiɗa a tabarma kuma tururuwa suka zo gaisuwa saboda zumar. Maƙwabcinsa ya shaƙi iska ya ce, "Kai, wannan ƙamshi, ko sabon aure za a yi ba a gaya mana ba?" Da Auta ta tambaye shi yadda ya ji, ya ce, "Ƙamshi kam ba a magana, Auta. Allah ya yi miki albarka."

Ina ƙaunar tsohon nan, amma a nan shi ma ya yi kuskure. Tsoron ɓata wa 'ya'yansa rai ya hana shi buɗe baki. Ya ga kuma in ya ajiye kyautar ɗaya ya yi amfani da ta ɗaya, ya nuna bambanci. Saboda haka ya yi wata dabara irin ta iyaye, mai ban dariya da ban tausayi. Hannun dama yakan wanke da na babbar, na hagu ya shafa na Auta, don in kowace ta zo ta ga nata yana raguwa ta ji daɗi. Sauran jiki kuwa ruwa zalla. Cikin mako uku hannun dama ya zama gyambo, gama taɓo yana shiga inda fata ta saɓule. Na hagu ya cika da ƙuraje saboda dauɗar da ta kwanta a ƙarƙashin mai. Ya kasa riƙe fartanya, ciyawa ta fara cinye shinkafa.

Wata safiya yana zaune a bayan ɗaki inda matarsa take dafa sabulu, ga babbar tukunyar a kife, ga duwatsun murhu uku ciyawa ta tsiro a tsakaninsu. Ya dubi hannuwansa biyu, ya yi addu'a, ya ce, "Ya Ubangiji, na yi shiru don a zauna lafiya, ga shi ba a zauna ba." Ya tashi ya aika wa kowace da saƙo iri ɗaya, bai ɓoye komai ba. Ya ce su zo ranar Alhamis da sassafe, babbar ta zo da ruwan toka, Auta ta zo da man kaɗe, kowace kuma ta sani 'yar'uwarta za ta zo. Wadda ta ƙi zuwa, kada ta ƙara kawo masa ko ruwan sha.

Ba su taɓa jin magana irin wannan daga bakinsa ba, saboda haka suka zo. Babbar ta shigo da tulu a kai, Auta da ƙwarya. Auta ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, Yaya," da murmushinta na kullum. Babbar ta ce, "Lafiya," tana duban katanga. Tsoho ya bar su suka gama wannan gaisuwa tasu mai sanyi, sa'an nan ya miƙe ya tuɓe rigarsa, ya miƙa musu hannuwansa biyu.

Ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Uwata, wannan aikinki ne. Auta, wannan naki ne."

Auta ta dafe baki, hawaye suka zubo. Babbar ta matso ta duba gyambon da kyau, ta ce, "Baba, don me ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Ke bakinki na ji tsoro, ita kuma hawayenta. Na yi muku ƙarya ku duka biyu, ku gafarta mini. Ni ban iya dafa sabulu ba, itace kawai nake faskara wa uwarku. Amma ina da ido. Ban taɓa ganin ta ɗora tukunya biyu ba. Ɗaya take ɗorawa, ta zuba na wannan ta zuba na waccan, ta tsaya a kai tun safe har la'asar. In ya fara kauri takan lakato kaɗan ta bar shi ya huce, ta taɓa a kan harshe. In ya cije ta sai ta ƙara mai. In kuma ta murza a ruwa bai yi kumfa ba sai ta ƙara toka. Iyakar abin da na sani ke nan. Ga tukunya, ga itace na roƙi maƙwabci ya faskara. Muciya ɗaya ce, sai ku san yadda za ku yi da ita."

Ya koma inuwa ya zauna.

Suka ɗora tukunya. Babbar ta juye ruwan toka, ya tafasa ya ragu. Auta ta narka mai ta riƙa zubawa a hankali. Tuƙin sabulu ba aikin hannu ɗaya ba ne, gama in an tsaya sai ya kama gindi, in an ci gaba kafaɗa ta gaji. In babbar ta gaji sai ta saki muciya ta ja baya, Auta ta kama, ko duban juna ba sa yi. Hayaƙi yana shiga idonsu duka biyu, kowace tana share hawaye tana cewa a ranta na hayaƙi ne.

Wajen tsakar rana tukunya ta taso da kumfa gaba ɗaya, tana neman zubewa. Auta ta yi ihu, "Yaya, janye itace!" Babbar ta sunkuya ta fizge itace biyu, amma kafin kumfar ta kwanta wani ya fallatso ya sauka a bayan hannun Auta. Babbar ba ta tsaya tunani ba. Ta cafke hannun ta tsoma a tulun ruwan sanyi, ta yi ta zuba masa ruwa, bayan zafin ya lafa ta lakato man kaɗe tana shafawa a gefen wurin a hankali, tana hurawa da baki, yadda take yi mata sa'ad da suke yara. Ta gama shafawa amma ba ta saki hannun ba.

A nan ne Auta ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta. Ta ɗaga kai ta dubi yayarta ido cikin ido, babu murmushi, ta ce, "Yaya, maganar da kika faɗa mini ranar jana'iza gaskiya ce. Na makara, har in mutu ba zan daina jin zafinsa ba. Amma kin faɗa mini a gaban mutane, a ranar da ba ni da uwa. Tun daga ranar nake jin haushinki. Gaisuwar da nake aiko miki ta baki ce, kazar ma ba da zuciya ɗaya na ba ki ba. Ko a sujada in an ce a yi addu'a don 'yan'uwa, tsallake sunanki nake yi."

Tsoho ya zaci faɗa ne zai tashi. Amma sai babbar ta zauna a ƙasa, a kan toka, ita da ba ta yarda zanenta ya taɓa datti. Ta ce, "Ni da nake taƙama ba na ƙarya, rabin magana na faɗa miki. Mama ta kira sunanki kwana uku, haka ne. Amma ba da fushi ba. Ranar ƙarshe da ta yi magana ta kama hannuna ta ce, 'Na san Auta, tana can tana buga mini mai. In ta zo kada ku yi mata faɗa, ku ce na gode.' Ni kuwa na gaji, ni kaɗai na yi jinya, ga shi sunanki ne a bakinta. Zuciyata ta yi zafi, na riƙe saƙon. Shekara ɗaya da rabi yana wurina. Auta, Mama ta ce ta gode."

Auta ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba ko a bakin kabari. Ta faɗa jikin yayarta, suka rungume juna a gindin murhu, suna kuka suna neman gafarar juna. Tsoho ma yana can inuwa yana share fuska da rigar da ya tuɓe. Da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne sai ya yi gyaran murya ya ce, "To, in kun gama, tukunya tana kama gindi. Ni dai har yanzu ban yi wanka ba."

Suka tashi suna dariya da hawaye a fuska. Da la'asar abin ya yi kauri ya yi duhu. Babbar ta lakato, ta bar shi ya huce, ta taɓa a harshe, ta yamutsa fuska ta ce, "Yana cizo. Ƙara mai, Auta, hannuna ya yi nauyi." Auta ta ƙara, suka tuƙa. Sai Auta ta murza kaɗan a ruwa ta ce, "Yaya, kumfar ba ta kai ba, ɗan ɗiga toka, kada ki ji tsoro." Sau uku suna haka kafin ya daidaita. Bayan sun sauke ya sha iska, Auta ta sa 'yar zuma kaɗan, suka cura shi da hannu suka jera a faifai ya bushe. Ba zan ce muku ya kai na uwarsu ba, gama bai kai ba, wani curin ya fi wani tauri. Amma ya yi kumfa, bai kuma ƙone kowa ba. Suka wanke wa ubansu gyambon, suka kai shi asibiti aka ba shi magani, mazajensu suka zo suka nome shinkafar. Ranar Lahadi ta huɗu ya sa rigarsa ya tafi sujada, 'ya ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ya zauna a benci har aka tashi bai yi susa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, toka gaskiya ce, man kaɗe kuwa ƙauna. Allah bai ba mu su don mu zaɓi ɗaya mu bar ɗaya ba. Gaskiyar da babu ƙauna a cikinta takan cire dauɗa ta haɗa da fata. Kun san masu irin wannan baki, wataƙila ma akwai su a kan bencin da kuke zaune. Sukan ce, "Ni dai gaskiya na faɗa," su tafi su yi barci, wanda aka faɗa wa kuwa ya kwana da gyambo. Ku lura kuma, babbar da take ganin ita ce mai gaskiya, rabi ta faɗa. Mai fushi yakan zaɓi ɓangaren gaskiya mai zafi ya jefa, ya ɓoye mai sanyin a aljihu. Wannan ba gaskiya ba ce a gaban Allah, makami ne.

Kada kuma masu murmushi su ce sun tsira. Ƙaunar da ba ta iya faɗar gaskiya ƙamshi ne a kan dauɗa. Kana gaishe da ɗan'uwanka a ƙofar majami'a, ka ce masa lafiya lau, alhali ka ɗaure shi a zuciya tun bara. Kana ganin ɗanka ya kama hanyar da za ta hallaka shi, ka yi shiru don kada ya ɓata rai. Muna kiran wannan haƙuri, muna kiransa kunya, amma sau da yawa tsoro ne kawai. Tsohon ma da shirunsa ya ƙara wa ciwon kwana. Ku dubi kuma wanda ya sha wahalar rabuwar nan. Ba babbar ba ce ta kasa riƙe fartanya, ba Auta ba ce. In biyu suka ƙi juna a gida ko a ikkilisiya, akwai na uku mai ƙaunarsu duka wanda yake ɗauke da ciwon a ɓoye cikin riga.

Wutar da tuƙin su ne haƙuri. Ba a haɗa toka da mai a sanyi, ba a kuma haɗa su daga nesa. Sai an tsaya a gindin murhu ɗaya, hayaƙi ya shiga ido, kafaɗa ta gaji, wani lokaci har a ƙone hannu. Ubangijinmu Yesu haka ya yi da mu. Bai taɓa sāke wa zunubi suna don ya faranta wa mutum rai ba, bai kuma taɓa korar mai zunubin da ya zo wurinsa ba. Ya faɗa mana abin da muke, sa'an nan ya ba da ransa dominmu. Shi ya sa wankinsa yake tsarkakewa ba ya ƙonewa.

Saboda haka, 'yan'uwana ƙaunatattu, kafin ka furta magana ka taɓa ta a harshenka tukuna. In ta cije ka, ƙara mata mai. In kuwa ta yi santsi da yawa har ba za ta wanke komai ba, yi ƙarfin hali ka ɗiga mata toka. Na san kowannenmu ya san wanda ya fi yawa a tukunyarsa, wanda bai sani ba ya tambayi matarsa.

Abu ɗaya ya rage, shi ne ya fi damuna. Wataƙila akwai wata magana mai daɗi da take hannunka wadda ba taka ba ce. Wani ya yabi ɗan'uwanka a gabanka ba ka gaya masa ba. Wani ya ce ya yafe, ka riƙe saƙon. Ko kuwa kai da kanka ka daɗe da hucewa, girman kai ya hana ka buɗe baki. Auta ta yi shekara ɗaya da rabi tana zaton uwarta ta tafi da fushinta, alhali kuwa godiyar tana ƙauyen gabas, tafiyar da ba ta kai rabin wuni ba. Mai saƙon nan naka yana jira, bai ma san abin da yake jira ba. In an tashi daga nan, kada ka bari sai baɗi. Kai masa abinsa yau.